Batirin motar rimot ɗina ya kumbura, a ina ya kamata in riƙa tsayawa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Yayana ya kawo mini motar rimot mai batirin LiPo, an rubuta 2S da 5000mAh a jikinsa. Nakan yi ta tuƙa ta a filin makarantar unguwarmu har sai ta tsaya da kanta, sannan in jona caji. Wata biyu ke nan, ga batirin ya tashi kamar burodi, kuma ba ya daɗewa. Laifin batirin ne ko nawa? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba zan ɓoye maka ba, wannan tuƙin na "har sai ta tsaya" shi ya kashe shi. LiPo, wato wani nau'in batirin lithium da ake caji, ba batirin tocila ba ne da ake tatsa har ɗigon ƙarshe.

2S na nufin sel biyu ne a haɗe, wato ƙananan batura biyu a cikinsa, 5000mAh kuma yawan cajin da yake ɗauka ne. Kowane sel yana cika a bolt 4.2, biyun su ba ka 8.4. Idan sel ya faɗa ƙasa da 3.0, sinadarin da ke ciki sai ya fara lalacewa yana fitar da iska, ita ce kumburin da kake gani. In ya nutse sosai, jan ƙarfen ciki ya fara narkewa, ranar da ka sake caji ya taru a inda bai kamata ba, ya haɗa gefen + da gefen − na sel ɗin. Daga nan gobara ke tashi.

Amma kada ka ɗauki 3.0 a matsayin wurin tsayawa, bakin rami ne. Ni abin da nake dubawa shi ne bayan motar ta huta minti biyar: in mitar auna bolt ta nuna wajen 3.7 a kowane sel, na tsaya daidai. Dalili kuwa, lokacin da ka danna wuta, musamman cikin yashi, bolt ɗin yana yin ƙasa na ɗan lokaci, ka saki ya dawo. Shi ya sa nake saita na'urar da ke sarrafa gudun motar, wadda masu harkar ke kira ESC, ta yanke wuta a 3.3 ko 3.4.

Ka buɗe motarka ka duba wannan yau. Da yawan ESC suna da zaɓi biyu, LiPo ko NiMH, wanda wani nau'in batiri ne daban. A QuicRun 1060 na Hobbywing, alal misali, wata 'yar hular roba ce ake cirewa a mayar kan wasu filoli. In tana kan NiMH, motar za ta zuƙe LiPo fiye da ƙima. Ina kyautata zaton abin da ya same ka ke nan.

Ko an saita ɗin ma akwai sauran rina a kaba, domin ESC jimilla take gani. Sel ɗaya yana 3.7, ɗayan yana 2.9, ita 6.6 take karantawa, ta ɗauka kowane sel yana 3.3. Saboda haka ka nemi 'yar ƙararrawar nan da ake soka wa farar wayar da ke gefen batirin. Tana nuna kowane sel daban, ta yi ihu in ɗaya ya kai inda ka saita. Cajarka ma shaida ce: in ta mayar da fiye da 4000mAh cikin batirin 5000, ka wuce kashi 80, gobe ka rage minti biyu a tuƙin.

Ni kaina na taɓa asarar sabon 3S, wato mai sel uku. Na kashe motar amma ban zare batirin ba, na yi tafiyar mako biyu. Ko da na dawo, sel ɗaya ya mutu murus. Ka riƙa zarewa, kuma in zai kwana biyu ba aiki, ka ajiye shi a bolt 3.8 kowane sel, a inuwa, ba cikin but ɗin mota a zafin Afrilu ba.

Wannan da ya kumbura kuwa, don Allah kada ka sake cajinsa, kada ka huda shi wai iska ta fita. Fitar da shi daga ɗaki, ka sa shi cikin bokitin ƙarfe mai yashi, nesa da yara da jarkar fetur ɗin janareta.