Maƙwabciyata ta shayar da ɗana sau biyu, ya zama ɗanta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamar makaranta ce, muna zaune a gidan haya a Kano, danginmu duk suna nesa. Haihuwar fari ce. Da hutun haihuwa ya ƙare sai nake barin yaron wurin matar da muke gida ɗaya, ita ma tana da goyo, mace. Nakan tatsi nono in bar mata a fida. Rannan ba wuta, nonon ya lalace, yaro ya yi ta kuka, ta ba shi nata. Sau biyu hakan ta faru, watansa 4. Maigidana ya ce ba komai tunda bai kai biyar ba, kakarsa kuma ta ce ya riga ya zama ɗanta. Maganar wa za mu kama?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya raya shi, ya yi masa albarka, ya saka wa maƙwabciyarki da alheri.

Baiwar Allah, ku kama maganar kaka.

Allah ya ambaci "iyayenku mata da suka shayar da ku, da 'yan'uwanku mata na shayarwa" cikin waɗanda aure ya haramta da su, a aya ta 23 ta Suratun Nisa'i. Annabi (SAW) kuma ya ce abin da ke haramta ta jini yana haramta ta shayarwa, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Wannan ba saɓani a kai. Saɓanin yana kan yawan shan.

Maigidanki ba da ka ya yi magana ba. Imam Shafi'i da Imam Ahmad sun ce sai yaro ya sha sau biyar, hujjarsu hadisin Nana A'isha da ke Sahihu Muslim, kuma hujja ce mai ƙarfi. Imam Malik da Imam Abu Hanifa kuwa sun ce ayar ba ta ƙayyade adadi ba, saboda haka kaɗan da mai yawa duk ɗaya ne. Ibn Abi Zaid, malamin Malikiyya, ya faɗa ƙarara a littafinsa Risala: duk nonon da ya isa cikin jariri a shekaru biyun farko yana haramtawa, ko da tsotsa guda ce. Abin da ya sa na rinjayar da wannan a kanku ba ƙiyayya da ɗaya ra'ayin ba ce. Kotunan shari'a na ƙasarmu da fiƙihun Malikiyya suke hukunci. In yau kuka ce ba komai, yaran nan suka taso tsakar gida ɗaya, suka shaƙu, aka ɗaura, wata tsohuwa ta tuna, in maganar ta tabbata alƙali raba auren zai yi, wataƙila da 'ya'ya a tsakani. Uƙubatu ɗan Harisu ya riga ya yi aure sannan wata mata ta zo ta ce ita ta shayar da shi da matarsa. Ya hau ya tafi Madina ya kai ƙara, Annabi (SAW) ya ce masa, "Ta yaya, alhali an riga an faɗa?" Ya rabu da ita.

To, su wa suka haramta gare shi? Nan ne mutane suka fi ruɗewa, suna ɗauka 'yar da suka sha tare ce kaɗai. A'a. Maƙwabciyarki ta zama uwarsa, duk 'ya'yanta 'yan'uwansa ne, na gaba da goyon nan da waɗanda za ta haifa nan gaba. Mijinta ya zama ubansa, domin nonon ta dalilinsa ya samu. In yana da wata matar a wani gida, 'ya'yan kishiyar ma sun haramta gare shi, ko da bai taɓa ganinsu ba. Ƙannenta da yayyenta mata sun zama innoninsa, na mijin kuma gwaggwanninsa. Amma hukuncin a kansa ya tsaya, shi da zuriyarsa. Ƙanin da za ki haifa masa, in Allah ya kawo, zai iya auren yarinyar nan ba laifi. Kuma shayarwa ba ta kawo gado, ba ta wajabta ciyarwa.

Tunda kin ambaci fida: in wata rana ita ce ta tatsi nata ta zuba masa, hukuncin bai canja ba a wurin mazhabobin nan huɗu, domin abin dubawa shi ne nono ya isa ciki. Da wannan dalilin majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta hana kafa bankin nono, wato wurin da ake tara nonon mata ana ba jarirai, a zamanta na Jidda a 1985, don ba a sanin na wa yaro ya sha. Madarar gwangwani kuwa ba ta haramta komai, ko yara goma suka sha daga gwangwani ɗaya.

Abin da zan fi jaddada miki shi ne ku rubuta. A da, a gidan gandu, kowace tsohuwa ta san wa ya sha nonon wa. Gidan haya ba haka yake ba. Mai gidan hayar ya ƙara kuɗi, ku tashi zuwa wata unguwa, su a yi musu canjin wurin aiki zuwa Kaduna, lambar waya ta ɓace, bayan shekara 20 yara su haɗu a jami'a ba wanda ya san wani. A Malikiyya shaidar mata biyu kan shayarwa tana karɓuwa ne idan maganar ta yaɗu tun kafin ɗaurin aure, don haka ɓoyewa ba ta da amfani. Ku sa cikakken sunanta da na mijinta da garinsu na asali a takarda, ku ajiye tare da takardar haihuwarsa, su ma su riƙe kwafi, a kuma sanar da dangi ɓangare biyu.

In za ta ci gaba da shayar da shi, halal ne, aya ta 233 ta Suratul Baƙara ta yarda da hakan, har da biyan lada. Sai dai ya zama da sanin mazajenku biyu, kuma ku je asibiti a duba lafiyarta, domin cutar ƙanjamau tana bi ta nono. Ki faɗa mata da lafazi mai daɗi, ke ma a duba ki tare da ita don kada ta ji an zarge ta.

Wallahu a'alam.