Amsoshin Tambayoyinku: Tsohuwar Datsun Mai Ɗigar Baƙin Mai, In Saya Ko In Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Jidda. Na ga Datsun 280Z ƙirar 1977 a haraji, wato kasuwar gwanjon motoci, jikinta sumul, amma duk inda ta kwana sai ta bar baƙin mai a ƙasa, daidai inda inji ya haɗu da giyabos. Mai motar ya ce duk tsohuwar mota haka take. In saya ko in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai motar bai yi ƙarya ba. Roba in ta tsufa, ga zafin Jidda a kanta, dole ta bushe ta tsage. Amma ba maganarsa ce za ta yanke maka ciniki ba. Abin da zai yanke shi ne sanin daga ina man yake fitowa, domin inda ya ɗiga ba lallai nan ya ɓullo ba. Mai gangarowa yake yi, iskar tafiya kuma tana kora shi baya. Sau da yawa gasket ɗin murfin saman inji ne ya saki daga baya, man ya bi jikin inji ya sauka bakin giyabos, sai a ɗora laifin a kan oyil sil, wato zoben robar da ke hana mai fita, na bayan karanshaf. Na farko aikin awa ɗaya ne, na biyun sai an sauke giyabos.

Ka nemi a kai motar warsha, wato garejin gyara, kafin a yi maganar kuɗi. A rufe distiributa da altaneta da leda, a wanke injin da sinadarin cire maiƙo, a bar shi ya bushe sarai. Sannan a barbaɗa hoda, irin ta jarirai ma ta isa, a duk wata mahaɗa da ake zargi. A zaga da motar kamar minti 20, a ɗaga ta, a bi da tocila daga sama zuwa ƙasa. Sabon mai zai zana layi mai duhu a cikin farar hodar. Ka bi layin har inda ya fara, can ne ciwon. In yoyon ɗan kaɗan ne, akwai rinin da ake zubawa a cikin mai, ya haska ƙarƙashin fitila ta musamman.

In murfin sama ne, ko na'urar awon ƙarfin mai da ke kusa da filta, ko washar notin juye mai, saya abinka. Sil na gaba sai an cire lagireto da bel da fuli, amma bai kai abin fasa ciniki ba. Na bayan ne mai nauyi: giyabos, kulochi da fulayiwil duk sai sun fita, kuma in man ya riga ya jiƙa faifan kulochi, zai riƙa santsi ko karkarwa wajen tashi, shi ma sai sabo. Injin L28 na wannan mota yana da wasu ƙananan sil guda biyu a gefen murfin biyarin na ƙarshe, waɗanda ba a kai wa gare su sai an cire kwanon mai na ƙasa. Masu gyara da yawa suna mantawa da su, a gama aiki yoyo ya dawo. Ka kuma shinshina ɗigon. Man giya yana da wari mai kaifi kamar ƙwai ya lalace. In shi ka ji, sil na gaban giyabos ne, ba na inji ba.

Abu ɗaya ne zai sa mu ce ka dakata. Inji yana sulo, ya yi zafi, ka buɗe murfin zuba mai. In hayaƙi yana bugowa kamar tukunya ta tafasa, ringin fistan sun cinye, iskar konewa tana cika cikin inji tana tura mai ta kowace kafa. Kafin ka yanke hukunci a duba bawul ɗin PCV, mai fitar da wannan iska daga cikin inji, da tiyonsa. Ka girgiza bawul ɗin, in bai yi ƙara ba ya toshe, kuma abu ne mai arha. In an sauya shi hayaƙin bai ragu ba, a auna ƙarfin silinda shidan. Injin da ringinsa suka mutu, ko sil na zinari aka sa masa zai sake fitar da mai. Nan sai dai a rage maka kuɗin sauke inji gaba ɗaya, in ba haka ba ka haƙura.

Tambaya: Daga Riyad nake. Ina da Mercedes 450SL. An ce in zuba maganin tsayar da yoyo, in kuma koma mai kauri. Ya kuke gani?

Amsa: Alhaji, maganin nan kumbura roba kawai yake yi. Sil da ya ɗan bushe zai iya lafawa na wani lokaci, amma gasket da ya yage ko ƙarfen da sil ya ci ya yi masa zobe, babu abin da zai yi musu. Shi mai mai kauri na 20W-50 ya dace da tsohon inji a zafin Riyad, ka zuba shi don wannan dalilin, ba don toshe kafa ba. Kuma kada ka wuce alamar sama ta geji. Man da ya yi yawa kansa yana jawo yoyo.

Tambaya: Bakanikena a Makka ya ce ba sai na sayi gasket ba, silikon ya isa. Akwai kuma mai ba ni tsohon sil daga tashlihi, wurin da ake farfasa matattun motoci a sayar da kayansu.

Amsa: Ƙarfe ake saya a tashlihi, ba roba ba. Sil da gasket sabbi za ka nema da lambar injinka. Silikon wurinsa kusurwa ne, inda ƙarfe biyu suka haɗu, ɗigo kamar ƙwayar wake. In aka lafta shi, ragowar tana yankewa ta ciki, ta toshe rariyar famfon mai, inji ya rasa mai ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Ka tsaya a kan bakaniken lokacin ɗaure kwanon mai: a fara daidaita leɓensa da guduma in ya lotsa a bakin ramuka, a ɗaure notin daga tsakiya zuwa gefe, zagaye biyu ko uku, a hankali. Ƙananan noti ne, ɗaurin ƙarfi yana matse gasket ya tsinke shi. Bayan kwana biyu da tuƙi, inji ya huce, a sake bin su da sifana.