Riga mai aiki har ƙirji: wace sarƙa za ta hau kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Bukoki, nan Yamai. Za a yi bikin ƙanwata, na ɗinka koriyar shadda mai duhu, tela ya yi mata aiki da zare ruwan zinariya tun daga wuya har ƙirji da bakin hannu, ya kuma jera duwatsu. Ina da zinariyata ta lefe: sarƙa mai faɗi, dogayen 'yan kunne da awarwaro shida. Da na gwada su duka, sai sarƙar ta ɓace cikin aikin, har ta kama zare ta jawo shi. Yayata ta ce in sa kawai, ai biki ne. In sa, ko in sayi wasu?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Kada ki sayi komai tukuna, domin abin da ke hannunki zai iya isarki.

Rigarki ta riga ta zo da sarƙarta. Aikin da tela ya zuba daga wuya zuwa ƙirji shi ne adon wurin, kuma kin biya kuɗinsa. In kin ɗora zinariya a kan zare ruwan zinariya, ido ba zai rarrabe su ba, sarƙar ta rufe aikin, aikin ya haɗiye sarƙar. Saboda haka ki nemi wurin da rigar ta bari babu ado, can za ki kai kayanki. A irin wannan ɗinki, wurin shi ne kunne, sai hannu.

Ki fara da awo. Sa rigar ki tsaya gaban madubi, ki ɗora yatsunki tsakanin gindin wuyanki da bakin rigar. In fatar da ke fili ba ta kai yatsa uku ba, ki haƙura da sarƙa gaba ɗaya. In ta kai yatsa huɗu ko fiye, siririyar sarƙa mai tsawon santimita 40 za ta zauna, da ɗan ƙaramin abin lilo wanda zai tsaya a kan fata, ya bar tazarar yatsa ɗaya ko biyu kafin bakin aikin. Mai santimita 45 tana sauka ƙasan ƙashin wuya, ita ta fi dacewa da wuyan riga mai zurfi. Daga 50 zuwa 60 kuwa a kan aikin za ta kwanta, ta zama irin wadda ta ba ki matsala. Sarƙar da ta ɗan yi tsawo, maƙeri zai iya ƙara mata ƙaramin zobe ta ciki inda za ki riƙa maƙala ƙugiyar, ba sai an yanke ta ba.

Batun zaren da ya jawu yana buƙatar kula, don shi ke lalata riga mai tsada. Zaren nan mai ƙyalli siririn leda ne aka naɗe a kan wani zare na ciki, da zarar an fizge shi sai ya warware. Abin da ke kama shi ƙananan haƙoran da ke riƙe duwatsun sarƙa ne, da ƙugiyar baya, da zoben da bakinsa bai rufe ba. Wanda ya riga ya fito kada ki sa masa almakashi, in kin yanke sauran layin zai bi. Ki sa allura ki tura shi ta cikin rigar, a ɗaure shi ta baya, ko ki mayar wa tela. Kafin ranar kuma ki goga kowane abin ado a jikin tsohon mayafi mai shara-shara. Duk wanda ya kama mayafin zai kama rigar, sai a kai wa maƙeri ya danne haƙoran.

'Yan kunnenki su ne za su ɗauki nauyin kwalliyar. In za ki yi babban ɗaurin kallabi, dogaye sun dace, tunda ƙanana ɓacewa suke yi ƙarƙashinsa. Santimita 4 zuwa 6 ya wadatar, kada dai su taɓa kafaɗa in kin juya kai, musamman idan aikin ya hau kafaɗar. Ki sa a auna miki su a ma'aunin masu zinariya. A ganinmu, wanda ya haura giram 8 a kunne ɗaya ba na wuni guda ba ne, yana jan hujin kunne ƙasa, kafin la'asar kin cire shi kin jefa a jaka, nan ne kuma ake ɓatar da ɗaya. Matoshi mai faɗi ta baya yana rage jan. In kuwa mayafinki zai rufe kunne da wuya, to ki sa ƙananan 'yan kunne kawai, ki mayar da adon hannu.

Awarwaro shida sun yi yawa ga hannun riga mai aiki. Zaɓi uku masu santsi, waɗanda ba su da dutse, ki sa a hagu, dama kuma ɗaya ko zobe kawai, tunda da ita za ki yi ta gaisawa da zuba abinci. In kin yi lalle, zobe ɗaya ko biyu sun isa, kada a rufe zanen.

Launi kuma zaren rigar ne ke yanke hukunci. Zare ruwan zinariya da zinariya yake tafiya. Amma ita ma ba launi ɗaya ba ce: mai karat 21 da 22 (karat shi ne ma'aunin tsantsar zinariya), irin wadda aka fi kawowa daga Saudiyya da Dubai, ta fi mai karat 18 rawaya sosai. Ki fita tsakar gida da rana ki ɗora ɗan kunnen a kan aikin ki gani, hasken ƙwan ɗaki yana ruɗi. Azurfa ba ta hawa wannan rigar. Muna faɗin haka da sanin darajar aikin maƙeranmu, irin wanda ake samu a cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata da gidan tarihi na Bubu Hama. Sarƙar azurfa mai tambarin Agadas ko na garin Tawa a kan shuɗiyar shadda marar aiki, ko mai farin zare, abu ne da ba ya buƙatar ƙari. A kan zaren zinariya da duwatsu kuwa, zanenta mai laushi ba zai fito ba.

Idan duk da haka kin ga kina buƙatar siririyar sarƙa, ki duba hatimin da ke kusa da ƙugiya. 750 shi ne karat 18, 875 karat 21, 916 karat 22, azurfa kuma 925. A auna a gabanki, a rubuta miki nauyi da karat a takarda. Ki tambaya ko an haɗa da nauyin duwatsu, don kada ki sayi gilashi a farashin zinariya, ranar sayarwa kuma a cire miki shi. Maganaɗisu ba ya kama zinariya, amma ba ya kama tagulla ma, saboda haka rashin kamawa ba shaida ba ce. Mai wankan zinariya babu laifi a sa ta ranar biki, sai dai zufa da turare suna cinye wankan da sauri, a zafin Afrilu da Mayu na Yamai ma abin ya fi muni. Wasu kuma ƙarfen da ke ƙarƙashi yana sa musu ƙaiƙayi da ƙuraje. Ki gwada ta na awa biyu, kwana biyu kafin bikin.

Ranar shiri, turaren wuta da humra da mai da kwalliyar fuska su fara, fata ta bushe, sannan riga, sannan kallabi, kayan ado a ƙarshe. Wajen cirewa su ne farko, kafin rigar ta bi ta kai. Zinariyar da ta dushe, ki jiƙa ta minti 10 a ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi, ki goge da buroshi mai laushi, ki tsane. Ban da ruwan jabel, wato bilicin wanki, yana cin ƙarfen da aka gauraya da ita. Mai duwatsun da aka manna da gam kada a jiƙa ta, a goge da ƙyalle kawai.

Maganar Yaya tana da gaskiyarta, zinariyar lefe ba ta ajiya ba ce kaɗai. Biki ba wuni ɗaya ba ne, ki ware ranar da za ki sa atamfa ko shadda mai buɗaɗɗen wuya marar aiki, ki fito da sarƙar mai faɗi da sauran duka, a nan za a gan ta sosai. Wannan koriyar kuma ki sa ta da 'yan kunne da awarwaro uku, ki zauna da su rabin awa a gida, ki ɗaga hannu, ki sunkuya, ki yafa mayafi ki cire. Sai a ɗauke ki hoto da fitilar waya a kunne daga nisan taku uku, ku duba tare da Yaya.