Tsakanin kwalekwale mai tsawon ƙafa 12 da mai ƙafa 14

Malam, ka tambaya wanne ya fi dacewa da kamun kifi a Abuja cikin kwalekwalen alminiyam biyu masu ƙira ɗaya. Ni dai shawarata ka ɗauki mai ƙafa 14, domin idan iskar hadari ta taso a farkon damina, ko a tafkin Jabi ruwa yakan yi igiya, kuma babban ya fi zama daram sa'ad da mutum biyu suke jawo raga ta gefe ɗaya. Ƙaramin ya fi sauƙin ɗorawa a bayan a-kori-kura, amma bai dace ba sai ga mai fita shi kaɗai. Kafin ka biya, duba iyakar nauyi da ƙarfin injin da kamfanin ya rubuta a jikinsa.