Zangarniyar hatsin rai mai rassa: gado ce?

Ka tambaya ko zangarniyar hatsin rai (rye, wani hatsi dangin alkama) mai rassa, da ka gani a hoton wata gonar gwaji a Jamus, tana bin iri. Ƙwarai kuwa, amma ƙwayar gadonta, da ke kan kuromozom (zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado) na 2 cikin 7, mai lafewa ce: sai shuka ta gaje ta daga uwa da uba rassan ke fitowa. Hatsin rai kuma ba ya karɓar garin furensa, na maƙwabta iska ke kawo masa. In ka haɗa mai rassa da gama-gari, 'ya'yan farko duk miƙaƙƙu ne. A jikoki ne kusan 1 cikin 4 ke yin rassa. Ni dai ba ta burge ni ba, don ƙwayoyin hatsinta kan yi ƙanana.