Kewayen bango daban, tayil ɗin ƙasa daban

Ɗana, ka ce ka zagaye ɗaki da baranda da tef, kowanne ya ba ka mita 15.6, amma ka ga na sayo wa ɗakin tayil kusan ninki biyu na barandar. Tambayar tana kan hanya, to saurara.

Abin da ka auna kewaye ne. Tsawon ɗakin 4.2, faɗinsa 3.6, ka haɗa su 7.8, ka ninka biyu, 15.6. Wannan lissafin sikatin ne, mai bin gindin bango. Shi ma sai ka cire bakin ƙofa, santimita 90, tunda ba a sa masa, saura 14.7.

Ƙasa kuwa ba a haɗawa, bugawa ake yi: 4.2 sau 3.6, sikwaya mita 15.12. Tayil mai santimita 60 da 60 guda ɗaya yana rufe sikwaya mita 0.36, ka raba, guda 42 ke nan. In kana tantama, jera su a zuciyarka: bakwai a tsawo, shida a faɗi. Barandar 6.6 ce da 1.2, layi biyu kacal, sha ɗaya-sha ɗaya, 22. Siririn wuri bango ne ya yi masa yawa, cikinsa kaɗan ne.

Kada ka sayo 42 cif. Ƙara kamar kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, domin in ka koma kasuwa daga baya, ba lallai ka sami launin da ya yi daidai da na farko ba, kuma mai gida zai gani. Duba jikin kwali, an rubuta sikwaya nawa ke ciki.

Ɗakin da ya lanƙwasa, raba shi gida biyu da alli, ka buga kowanne, ka haɗa. Wuri mai kusurwa uku, gindi sau tsayi, raba biyu.

Amma kafin duk wannan, gwada kusurwa, domin bugun nan ba ya yin daidai sai bango ya miƙe. Daga kusurwar, auna santimita 60 a bango ɗaya, 80 a ɗayan, tsakanin alamomin biyu dole ya ba ka mita ɗaya. In bai ba ka ba, magini ya karkace, sai ka ja igiyarka daga tsakiyar ɗaki, ka tura yankakkun tayil gefen da gado ko kujera za su rufe.