Ku Tambayi Makanikai: Babbar Jif a Hanyoyin Saudiyya

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi Yukon ta hannu, ƙirar 2013, don kai iyali Madina da Ɗa'if. Abokai na cewa motar nan ko karo ta yi babu abin da zai same mu saboda girmanta. Akwai kuma wani maɓalli mai hoton mota tana zamewa, wani ya ce in riƙa kashe shi, wai yana rage mata ƙarfi. Mene ne gaskiya? *Wani magidanci, Shara Mansur, Makka.*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Abokanka sun faɗi rabin gaskiya. Idan jif ta yi taho-mu-gama da ƙaramar mota, na cikin jif sun fi samun sauƙi. Amma babbar mota tana da nata ajalin, shi ne kifewa. Nauyinta a sama yake, kamar mai tallar da ta ɗora tulu a ka. A hanyar Makka zuwa Madina, inda tun 2018 aka yarda a yi gudun kilomita 140 a awa, gyangyaɗi kaɗan ya isa taya ta sauka daga kwalta. Direba ya farka a firgice, ya fizgo sitiyari, tayar gaba ta cije bakin kwalta, sai ƙundumbala.

Wannan maɓalli da ake zuga ka ka kashe, na'urar da ke hana haka yake kashewa. A motarka sunanta StabiliTrak, Toyota na kiranta VSC, Nissan kuma VDC. Tana auna juyin kowace taya, tana duba inda ka karkata sitiyari, tana kwatanta shi da inda motar ta nufa da gaske. Da zarar biyun sun saɓa, sai ta matse birkin taya ɗaya tak, ta rage wuta, abin da ƙafar ɗan Adam ba ta iya yi. Amurka ta wajabta ta a sababbin motoci daga ƙirar 2012. Wuri ɗaya ake kashe ta: in ka kafe a yashi kana son tayoyi su yi ta juyi. Ka hau kwalta, ka mayar. In fitilarta na ƙiftawa, aiki take yi. In ta tsaya cak a kunne, musamman tare da ta ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi ƙamewa in an taka birki, galibi ɗan ma'aunin da ke bayan wata taya ne ya toshe da ƙura ko wayarsa ta tsinke. A sa mata kwamfuta, za ta nuna wace taya ce.

In taya ta sauka daga kwalta, ɗaga ƙafa daga totur, riƙe sitiyari sak, kada ka danna birki da ƙarfi. Sai gudu ya ragu sosai ka hauro a hankali. Kuma a daina jibga jarkokin Zamzam a kan rufi. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, jarka 10 masu lita 20 kilo 200 ke nan, alhali abin da aka yarda rufin motarka ya ɗauka bai wuce kilo 100 ba. Mai nauyi ya zauna ƙasa a but, a ɗaure. Bel kuwa kowa da kowa, har yaran da ke kujerar can baya. Kamarar Sahir, mai kama masu karya dokar hanya, na gaba take kamawa, amma in mota ta kife, wanda bai ɗaura ba ta taga yake fita.

Tambaya: Ina ɗaukar masu Umra tsakanin Jidda, Makka da Madina da Land Cruiser. Sau biyu taya na fashe mini a zafin bana, ga shi kuwa kullum ina rage iska kafin tafiya don kada zafi ya kumbura ta. *Wani direba, Karantina, Jidda.*

Amsa: Malam, maganin naka shi ne cutar. Taya mai ƙarancin iska gefenta lanƙwashewa yake yana miƙewa a kowane juyi. Ka ɗauki waya ka yi ta lanƙwasa ta, ka taɓa wurin, ka ji yadda yake ƙuna. Haka zaren ƙarfen cikin taya yake yi, har roba ta rabu da shi ta yi bindiga. Ga fasinja bakwai, ga akwatuna, ga kwalta kamar kaskon suya.

Buɗe ƙofar direba, akwai takarda manne a jikin ginshiƙi, ita ke faɗin gejin da ya dace, wasu motocin har da na cikakken lodi. Lambar da ke jikin tayar kanta iyakar abin da za ta iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. A auna da sassafe kafin mota ta motsa, ko bayan ta huta awa 3. In ka tsaya a hanya ka ga geji ya hau da 4 ko 5, haka ya kamata, kada ka bari mai banshar, wato mai faci, ya sace iskar. Kada kuma ka jira fitilar taya ta gaya maka, yawancinsu ba sa kamawa sai iska ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu.

Sai shekaru. A gefen taya nemi inda aka rubuta DOT, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe. In ka ga 2321, an ƙera ta a mako na 23 na 2021. Roba a zafin nan bushewa take ko da zanenta bai cinye ba. A irin aikinka, tayar da ta haura shekara 5 ta gama hidima, ko ta yi kyau a ido. Duba safaya ma, wadda ke rataye a ƙarƙashi tana shan zafi shekara da shekaru ba mai leƙa ta. Wurin saye ka nemi mai harafin A a gaban alamar jure zafi, ka guji tayoyin tashlih, wato wurin da ake kwance matattun motoci. Fahas, wato gwajin lafiyar mota na shekara, ba zai yi maka wannan duban ba a tsakiyar Yuli.

Tambaya: Na fara tuƙi bayan da aka ba mata izini, ina da Patrol. Ƙanwata kan zauna gaba da jaririna a cinya. Ta ce ai akwai jakar iska. *Wata uwa, Madina.*

Amsa: Hajiya, daga yau a daina, don Allah. Jakar iska don ƙirjin babba mai ɗaure da bel aka yi ta. Kafin ƙiftawar ido take fashowa, kuma jaririn da ke cinya shi za ta fara duka, ga nauyin ƙanwarki ya danno shi ta baya. A karo na gudun cikin gari ma, nauyin yaro kan ninka sau 20 ko fiye, babu hannun da zai riƙe shi. Dokar murur, wato 'yan sandan hanya, ma ta hana ɗan ƙasa da shekara 10 zama a gaba.

Ki sayi kujerar jarirai, a kafa ta a layi na biyu tana kallon baya. Ki zura yatsa tsakanin mazauni da majingini, in motar na da su za ki ji ƙarfe biyu a ɓoye, nan take maƙalewa. Bayan an kafa, ki girgiza ta, in ta motsa fiye da faɗin yatsa biyu ba ta kamu ba. Ki kuma tura ɗan makullin da ke bakin ƙofofin baya don kada a buɗe daga ciki.

Ita kanta jakar ki gwada ta. Kin murɗa makulli, fitilar SRS, wato ta jakar iska, za ta kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu. In ta ƙi mutuwa akwai matsala. In ba ta kama ba sam, watakila wani a haraj, kasuwar motocin hannu, ya cire ƙwan don ya ɓoye laifi. Ki kai lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17, wakala, wato dillalan kamfanin motar, su duba ko motar na cikin waɗanda aka yi wa kiranye saboda jakunkunan Takata, waɗanda zafi da laima ke lalata sinadarinsu har su watso ƙarfe. Canjin kyauta ne.

Abu ɗaya kuma: hancin Patrol da bayanta suna ɓoye ƙaramin yaro ɗungurungum. Ƙura na rufe kamarar baya. Kafin ki tayar a ƙofar gida, zagaya motar da ƙafa, ki ƙirga yaranki.

Tambaya: A gangaren Hada, hanyar dutse tsakanin Ɗa'if da Makka, birkina ya yi laushi har da wari. Mota mai giya da kanta ce. Kuma me ke hana satar mota mai makullin dannawa? *Wani mai karatu, Ɗa'if.*

Amsa: Ɗan'uwa, ka ɗora tan biyu da rabi a kan birki tun daga saman dutse, dole ya dahu. Mayar da giya hannu, ka sa ta 2 ko 3, inji ya riƙe motar, birki kuma ka taka da ƙarfi ka saki, ba a ɗora ƙafa a kai a bari. Laushin daga man birki ne. Yana tsotsar laima, sabon mai nau'in DOT 3 sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa a 140 yake yi, tururi kuwa ba ya tura birki. A zuƙe shi duka a canza duk shekara 2, ƙari a kai ba ya magani.

Ɓarayi kuwa na'ura suke kawowa bakin ƙofa ta janyo siginar makullin da ke rataye a zaure, motar ta ɗauka kana kusa ta buɗe. Ajiye makulli can cikin ɗaki, a gwangwanin ƙarfe mai murfi. Ka gwada: riƙe gwangwanin a jikin motar, in ƙofa ta buɗe, nemi wani. Ka haɗa da sandar kulle sitiyari mai launi, wadda ake hangowa ta gilas.